MAUDU'IN MAKO: Wanda Ya Yi Wa Mai Mutuwa Dariya, a Ɗaure Shi?

Tambayar wannan mako mun daɗe muna kewaya ta ba mu tsaya a kanta ba. Mutum ne ya fito bainar jama'a ya yi abin ƙeta: ya yi wa mamaci dariya, ko ya yi wa mai jinya izgili, ko ya zagi wani saboda launin fatarsa. Bai doki kowa ba, bai ɗauki kayan kowa ba, amma ya bar zukata da ciwo. Shin ya cancanci gidan yari? Mun zaɓi mu duba tambayar ta wata shari'a da aka yi a Birtaniya, domin da yawanmu mun ga farkon lamarin da idonmu a gidajen kallon ƙwallo, kuma domin ɗaya daga cikin dokokin da suke amfani da su a can tana da 'yar'uwa a Najeriya.

Ranar Asabar 17 ga Maris 2012, Tottenham ta karɓi baƙuncin Bolton a filin White Hart Lane da ke Landan, a zagayen kwata fainal na gasar cin kofin FA. Ana dab da tafiya hutun rabin lokaci sai Fabrice Muamba, ɗan wasan tsakiya na Bolton mai shekara 23, ya yanke jiki ya faɗi ba tare da kowa ya taɓa shi ba. Zuciyarsa ce ta tsaya. Haifaffen Kinshasa ne, ya zo Ingila yana ɗan shekara 11 bayan mahaifinsa ya gudo neman mafaka. Likitoci suka rufu a kansa a tsakiyar fili, wani likitan zuciya da ya zo kallo ya sauko daga cikin 'yan kallo ya shiga aikin, alƙalin wasa Howard Webb ya tashi wasan. Minti 78 zuciyar Muamba ta yi ba ta bugawa da kanta. Magoya bayan ƙungiyoyin biyu suka haɗa baki suna kiran sunansa, wasu na kuka. Da sauran kwanansa a gaba, ya farfaɗo, ko da yake bai sake buga ƙwallo ba.

A daidai wannan lokaci, kafin kowa ya san ko zai rayu, wani ɗalibin jami'ar Swansea mai shekara 21 ya ɗauki wayarsa. Ya yini yana shan giya saboda murnar nasarar da yankinsu na Wales ya samu a wasan zari-ruga a ranar. Ya shiga Twitter ya rubuta dariya, ya zagi Muamba, ya ce ya mutu. Mutane suka yi masa ca. Maimakon ya goge ya ba da haƙuri, sai ya bi waɗanda suka tsawata masa ɗaya bayan ɗaya da zagi na wariyar launin fata, irin wanda ba za mu iya maimaitawa a nan ba. Da ya ga wuta ta tashi sai ya ce an yi masa kutse ne a shafinsa. Daga baya ya amsa laifinsa. Ranar 27 ga Maris, kwana goma kacal bayan faruwar abin, wata kotu a Swansea ta yanke masa ɗaurin kwana 56. Ya ɗaukaka ƙara, aka kori ƙarar cikin 'yan kwanaki. Jami'arsa ma ta dakatar da shi.

Mu faɗi gaskiya, duk wanda ya ji labarin nan a cikinmu abin da zai fara fitowa daga bakinsa shi ne: maganinsa ke nan! Mu baƙaƙen fata ne, zagin da ya yi har da mu a ciki. Kuma tarbiyyar da muka tashi da ita ba ta san wasa da mutuwa ba. Ko maƙiyinka ne ya faɗi, in ba ka kai masa ɗauki ba, ka yi shiru. Don haka ba mu raina hujjar masu cewa a ɗaure ba, kuma ya kamata mu shimfiɗa ta yadda masu ita za su yarda mun yi musu adalci.

Suna cewa magana tana raunata mutum kamar yadda sanda ke yi, wani lokacin ma raunin sanda ya riga warkewa. Wannan gaskiya ce, kuma mu da muka zaɓi alƙalami ba mu da bakin musun ta. Ba zai yiwu mu riƙa cewa rubutu yana gyara al'umma, sannan ranar da rubutu ya cutar mu ce ai magana ce kawai. Mai cewa "magana ce kawai" sau da yawa dutse ne a cikin ruwa, bai san ana rana ba. Suna kuma cewa hukunci mai zafi yana jan kunnen na baya, musamman a intanet inda matashi yake jin ba wanda ya san shi balle ya kama shi. Hujjarsu ta uku ita ta fi nauyi a wajenmu: idan hukuma ta naɗe hannu, jama'a za su ɗauki doka a hannunsu. Mun san abin da fusatattun mutane ke iya yi, ba sai an ba mu labari ba. Gara kotu ta ɗaure mutum wata biyu da a tare shi a lungu.

Duk da haka matsayinmu shi ne: gidan yari na wanda ya nufi wani mutum da cuta ne, ya yi masa barazana, ko ya bi shi ya hana shi sakat, ko ya tunzura wasu su far masa. Wanda laifinsa shi ne ya nuna wa duniya munin halinsa, ya sa muka ji ƙyamarsa, a hukunta shi ta wata hanya, amma kada a ɗaure shi. Bari mu kawo wasu shari'o'in daga ƙasar dai, domin a ga inda muke ja layin.

A 2011 wata kotu a garin Reading ta ɗaure wani mutum mako 18. Aikinsa shi ne neman shafukan ta'aziyya da iyalai suka buɗe a Facebook domin 'ya'yansu matasa da suka rasu. Sai ya shiga ya rubuta izgili, ya haɗa hotuna da bidiyo na ba'a ga mamatan, ya ajiye a inda ya tabbata uwa da uba za su gani. Bai san yaran ba, bai san iyayen ba. Ya yi wa wannan gida, ya koma wancan. Wannan a wajenmu daidai yake da mutumin da yake bin gidajen makoki yana shiga har tsakar gida yana tiƙar rawa a gaban uwar mamaci, a kore shi yau gobe ya ɓulla a wani gidan. Akwai wanda aka nufa, akwai niyya, akwai maimaitawa. Ba mu da ja a kan ɗaurinsa.

Haka nan a farkon 2014 aka ɗaure mutum biyu, mace da namiji, ita mako 12 shi mako 8, saboda saƙonnin da suka riƙa aika wa Caroline Criado Perez. Laifinta a wajensu shi ne ta jagoranci fafutukar a sa hoton mace a takardar kuɗin Ingila, har aka amince da sa na marubuciya Jane Austen a fam goma. Saƙonnin sun haɗa da barazanar fyaɗe da ta kisa. Wadda ake aika wa irin wannan ba ta da hanyar sanin ko mai rubutun wasa yake yi ko yana bakin ƙofarta. Barcinta ya ƙaurace, fitarta ta zama da fargaba. An ƙwace mata wani abu na zahiri, wato zaman lafiyarta. Nan ma ɗauri ya dace.

To ga ta ɗaya ɓangaren. A watan Oktoba 2012 wata yarinya 'yar shekara 5 ta ɓace a Wales, ƙasar duka ta shiga tashin hankali, daga baya aka tabbatar kashe ta aka yi. Ana tsakiyar nemanta wani matashi a garin Chorley ya rubuta barkwanci na ƙazanta a kanta a shafinsa na Facebook. Bai aika wa iyayenta ba, bai ambaci wani ya ce zai yi masa wani abu ba. Wasu suka ɗauki hoton rubutun suka yaɗa, mutane kusan 50 suka yi wa gidansu tsinke, 'yan sanda suka ɗauke shi. Cikin 'yan kwanaki kotu ta ba shi mako 12, daga baya aka rage zuwa 6 da ya ɗaukaka ƙara. Abin da ya rubuta abin ƙyama ne, ba mai musu. Amma mu tambayi kanmu: wa ya kai rubutun gaban dubban mutane? Waɗanda suka fusata ne suka yi ta tura shi. Kuma a ranar, tsakanin mai mugun barkwanci da mutum 50 da suka taru a ƙofar gida, wa ya fi kusa da zubar da jini?

Shari'ar ɗalibin Swansea tana tsakanin waɗannan biyun, shi ya sa ta fi wuya. Dariyar da ya yi wa Muamba rashin imani ne. Zagin launin fata da ya bi mutane da shi kuwa laifi ne a dokar ƙasarsu, kuma a kansa aka gurfanar da shi. Ya nufi mutane, wannan gaskiya ne. Sai dai bai kira kowa ya far wa kowa ba, kuma abin ya faru cikin 'yan sa'o'i a yini guda. Ya cancanci a same shi da laifi, ya cancanci hukunci mai ɗaci. Abin da ya tsaya mana a rai shi ne dalilin da alƙalin ya bayar na zaɓar ɗauri: ya nuna cewa dole hukuncin ya yi daidai da fushin da jama'a suka yi. Kwamishinan kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Turai a lokacin, Thomas Hammarberg, ya fito ya ce hukuncin ya yi tsauri, bai kamata a kai ga ɗauri ba. Mun yarda da shi, kuma dalilinmu yana cikin wannan kalma ta fushin jama'a.

Fushin jama'a mudu ne da ba ya auna daidai. Yau ya cika ya tumbatsa, gobe ya koma rabi. Girmansa ya danganta da wanda aka taɓa, da yawan waɗanda suka gani, da abin da jaridu suka sa a gaba a makon. Muamba sananne ne, miliyoyi sun ga faɗuwarsa a talabijin. A wannan makon dai, ba shakka an zagi baƙaƙen fata da yawa a motocin haya da kantunan Birtaniya da kalmomi irin waɗannan, ido da ido, kuma ba wanda ya kwana a kurkuku saboda su. Ciwon da suka ji bai gaza na waɗanda aka zaga a Twitter ba. Bambancin kawai ba a yi ta yayata nasu ba.

Mu duba cikin ƙwallon kanta. A ƙarshen 2011 hukumar ƙwallon Ingila ta samu Luis Suarez na Liverpool da laifin furta wa Patrice Evra kalaman launin fata, ta dakatar da shi wasa 8 da tarar fam 40,000. Ba a kai shi kotu ba. John Terry na Chelsea an kai shi kotu kan zargin zagin Anton Ferdinand, kotu ta wanke shi a watan Yuli 2012, kuma ko da ta same shi da laifi, tuhumar da aka yi masa iyakarta tara ce, ba ɗauri. Daga baya hukumar ƙwallo ta yi nata binciken ta dakatar da shi wasa 4 da tarar fam 220,000. Ba muna cewa shari'o'in iri ɗaya ba ne, kowace da hujjojinta. Amma mai kallo daga gefe zai ga cewa a shekara guda, a ƙasa guda, kan magana ta launin fata, manyan taurari sun koma fili bayan 'yan makonni, ɗalibin da ba kowa ba shi ya shiga kurkuku.

Su kansu Turawan Ingila sun lura abin ya fara wuce gona da iri. Shugaban ofishin masu gabatar da ƙara na lokacin, Keir Starmer, wanda ya zama Firaminista a 2024, ya fitar da ƙa'idoji a ƙarshen 2012, aka kammala su a 2013. Ƙa'idojin sun raba saƙonni gida huɗu. Barazana ta gaske, da bin mutum da tsangwama, da karya umarnin kotu, waɗannan uku a gurfanar da mai su ba sassauci. Na huɗu shi ne saƙon da muninsa kawai ya yi yawa, ya ɓata rai ko ya girgiza mutane. Shi an ce a yi taka-tsantsan sosai kafin a kai shi kotu, a duba ko mai shi ya goge da wuri, ko ya yi nadama, ko bai yi nufin ya kai ga jama'a da yawa ba. Shekaru bayan haka, da aka yi shari'ar mutumin da ya ɗauki bidiyon ƙona kwali mai siffar benen Grenfell, benen da gobararsa ta 2017 ta ci rai 72, yana tura wa abokansa ana dariya, hukuncin da ya samu a 2022 ɗaurin je-ka-gyara-halinka ne na mako 10. An same shi da laifi, sunansa ya ɓaci, amma bai shiga kurkuku ba.

Me ya haɗa mu da wannan duka? Matashin Chorley an hukunta shi ne da sashe na 127 na dokar sadarwa ta Birtaniya ta 2003, wadda ta haramta aika saƙo mai tsananin ɓata rai, ko na batsa, ko na tsoratarwa, kuma iyakar ɗaurinta wata 6. Duk wanda ya ɗora wannan sashe kusa da sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta Najeriya ta 2015, yadda aka fara rubuta shi, zai ga kamar an tsaga kara. Kalmomin kusan ɗaya ne, har da aika saƙon ƙarya don a dami wani ko a ɓata masa rai. Sai dai tamu ta ɗaga hukuncin zuwa ɗaurin shekara 3, ko tarar naira miliyan 7, ko duka biyun.

Wa wannan sashe ya fi yi wa aiki? Da wuya ka ji an ɗauko shi domin wata bazawara da aka yi wa ba'a a TikTok, ko wani mai lalurar ƙwaƙwalwa da yara suka ɗauka a bidiyo suna tsokana. Waɗanda aka fi jin an kama da shi 'yan jarida ne da masu sukar mahukunta. Kotun ƙungiyar ECOWAS ta yanke hukunci a 2020, ta sake a 2022, cewa sashen ya saɓa wa 'yancin faɗar albarkacin baki, ta umarci Najeriya ta gyara shi. Sai a watan Fabrairu 2024 aka yi masa kwaskwarima aka cire waɗancan kalmomi masu faɗi. Kuma ba wannan doka kaɗai ake jawowa ba. Ba mu manta da ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse da aka kama a watan Nuwamba 2022 kan rubutun da ya yi a Twitter game da uwargidan shugaban ƙasa ta lokacin ba. Sai da ya kwana a tsare kafin a janye ƙarar bayan ƙorafi ya yi yawa. A watan dai wata kotun majistare a Kano ta yanke wa wasu matasa biyu masu barkwanci a TikTok bulala 20 kowannensu, da tarar naira 10,000, da sharar harabar kotu ta kwana 30, saboda bidiyon da suka yi kan gwamnan lokacin.

Ba sai mun yarda da abin da waɗannan matasa suka faɗa ba kafin mu ga darasin. Da zarar doka ta ce ɓacin rai kaɗai ya isa a ɗaure mutum, to sai a tambaya: ɓacin ran wa? Talaka ransa yana ɓaci kullum, amma ba shi da lambar wayar da zai kira a turo mota. Wanda yake da ita shi ne mai mulki da mai kuɗi. Hausawa sun ce in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere. Wannan ramin ma ba da mugunta ake gina shi ba, da kyakkyawar niyya ake gina shi domin mai baƙar zuciya, amma wanda ke faɗawa ciki sau da yawa mai faɗin gaskiya ne da kaifin harshe. Mu da muka gaji zambo da habaici, muka san mawaƙan da suka riƙa gaya wa manya magana a fakaice, ya kamata mu fi kowa jin tsoron dokar da ba ta iya bambance ƙeta da suka. Gajeren labarin da ɗayanmu zai rubuta gobe kan wani ciyaman na ƙage, akwai ciyaman na gaske da zai ce da shi ake, kuma ransa ya ɓaci matuƙa.

Sannan mu tambaya, me kurkukun yake gyarawa? Wanda ya shiga da ƙiyayyar baƙar fata, kwana 56 a ɗaki da wasu fursunoni ba za su cire masa ita ba. Abin da zai koya shi ne ya riƙa ɓoye sunansa in zai yi zagi. Binciken ma'aikatar shari'a ta Birtaniya ya nuna cewa waɗanda aka yi wa gajeren ɗauri sun fi komawa aikata laifi a kan takwarorinsu da aka ba hukuncin da ba na tsarewa ba. Saboda irin wannan ne Sikotland ta kafa ƙa'ida a 2019 cewa alƙali ya guji ɗaurin da bai wuce wata 12 ba sai in babu makawa. Wannan a ƙasar da shari'a ke ƙarewa cikin kwana goma ke nan. A Najeriya kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen gyaran hali jiran shari'a suke yi. Laifin da hukuncinsa wata biyu ne, mutum yana iya shafe fiye da haka kafin ma a fara sauraron ƙararsa, in ba shi da mai tsaya masa. Yaron da ya shiga da laifin mugun baki ya zauna da ɓarayi da 'yan daba, ya fito ba makaranta ba sana'a, me muka ƙara wa unguwa?

Kada a fahimce mu da cewa a ƙyale su. Tsakanin ƙyalewa da ɗauri akwai fili mai faɗi. Akwai tara mai zafi daidai da ƙarfin mutum. Akwai diyya ga wanda aka ci wa mutunci, wadda ita ce ma take isa hannunsa, domin ɗauri ba ya sa masa ko sisi a aljihu. Akwai hana mutum wurin da ya yi laifin, kamar yadda kotunan Ingila ke haramta wa masu izgili shiga filayen ƙwallo na shekaru, ko yadda aka haramta wa mutumin Reading shafukan sada zumunta na shekara 5. Akwai aikin hidima ga al'umma, wanda dokar gudanar da shari'ar laifuka ta Najeriya ta 2015 da dokar hukumar gidajen gyaran hali ta 2019 duk sun tanada. A ce ɗalibin Swansea an sa shi ya yi watanni yana hidima a ɓangaren masu ciwon zuciya a asibiti, yana ganin iyalai zaune a baranda suna jiran likita ya fito, muna ganin da ya fi koyon abin da kurkuku ba ta koya masa ba.

Akwai kuma hukuncin da ba ya buƙatar alƙali. A garuruwanmu an san shi tun da: mai mugun baki a daina zama da shi a majalisa, a ƙi ba shi aure, dattijai su kira shi gaban mai unguwa ya durƙusa ya ba da haƙuri. Amfanin wannan tsari shi ne yana da ƙofar dawowa. In ya gyara, a karɓe shi. Abin da muke yi a intanet yanzu ya rasa wannan ƙofa. Mukan yaɗa abin ƙazantar da kanmu da sunan Allah wadai, har ya isa ga wanda aka ci wa mutunci, wanda da bai ma gani ba. Mukan nemo hoton gidan mai laifi da sunan mahaifiyarsa. Amsarmu ga masu tsoron ɗaukar doka a hannu ita ce wannan: idan taro ya nufi gidan mutum, aikin hukuma shi ne ta tare taron. In ta ɗaure mutumin domin taron ya huce, ta koya wa kowa cewa yawan ihu shi ke sayen hukunci, kuma gobe za a zo da ihun da ya fi na yau.

Saura tambaya guda da ba mu da cikakkiyar amsarta, kuma ba za mu ɓoye ba. Idan uwar yarinyar nan ta Wales, ko matar da mijinta ya ƙone a Grenfell, ta dube mu ta ce: ku da kuke cewa kada a ɗaure shi, kun san abin da na ji? Ba mu sani ba. Ba za mu ce mata ta yi haƙuri magana ce kawai ba. Abin da za mu iya ce mata shi ne, wanda ya zo ƙofarta da wannan ƙeta, ya aiko mata, ya bi ta, muna tare da ita har a rufe shi. Wanda kuwa ya yi haukansa a can nesa, wasu suka kwaso suka kawo mata, za mu tsaya a hukunta shi, ya biya, ya ji kunya, ya nemi gafararta in ta yarda ta saurare shi. Amma ba za mu ba hukuma mabuɗin ɗaure duk wanda ya ɓata rai ba, domin mun ga hannun da mabuɗin yake ƙarewa a ciki.

Mun san a zauren nan akwai lauyoyi da ɗaliban shari'a, akwai kuma waɗanda aka taɓa ci wa mutunci a bainar jama'a suka san zafinsa a jikinsu. Muna son jin ta bakinku, musamman waɗanda suke ganin kwana 56 ɗin nan ya yi daidai ko ma ya yi kaɗan. A ina ku za ku ja layin? A yi muhawara da hujja, a kiyaye harshe, kada maudu'in ya ƙare da misali daga cikinmu. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.